Na auna kango, ban auna lungu ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf. Admin don girman Allah a ɗora min wannan ba tare da sunana ba, matar yayana tana cikinku, ko da yake in ta karanta za ta gane ni, to ta gane ɗin, na gaji. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zance, malamar makaranta ce ni, ban iya gajartawa ba.

Ni 'yar cikin birni ce, gidanmu yana lungunan bayan Kasuwar Kurmi. Shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare, na yi ritaya, bana Allah Ya sa giratuti ya fito bayan na sha sintiri. Mijina ya rasu, yarana huɗu, biyu har yanzu suna karatu. Wannan kuɗin shi ne iyakar abin da na mallaka, wani ba zai sake zuwa ba. Shi ya sa na ce ba zan ba kowa ya juya min ba, ɗakunan haya zan yi, abin da zai riƙa shigo min ko ina kwance, in na mutu kuma yarana su samu. Wuri ma akwai, wani kango ne a bayan gidanmu inda sashen kakarmu yake kafin damina ta kayar da shi, yana da ƙofarsa daban. Masu haya kuwa ba a nemansu, 'yan kasuwar da suke zuwa daga ƙauye kullum cikin tambayar ɗaki suke a unguwar.

Matsalar ita ce gidan na gado ne kuma ba a raba ba. Mahaifinmu ya rasu tun shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, mu bakwai ya bari, har yau ko ɗaki ɗaya ba a ce na wane ba ne. Mahaifiyarmu, Inna, tana nan da ranta, ta haura tamanin. Duk wanda ya ɗauko zancen rabo sai a ce uwarku tana zaune a ciki za ku yanka gida, ko kun ƙosa ta tafi ne? Kowa ya san abin da malamai suke cewa a kan jinkirta gado, amma a unguwarmu haka ake yi, ba wanda yake so a fara jin ta daga bakinsa.

Kuma na ga abin da ya faru. Ƙanena ya taɓa gina shago biyu a jikin gidan da kuɗinsa, babban yayanmu ne ma ya ce masa bismilla. Da Allah Ya yi masa rasuwa sai Yaya ya ci gaba da karɓar hayar, wai a cefanen gida take tafiya. Matarsa ta zo da marayu tana tambaya, aka ce mata ƙasar ta gida ce, abin da ke kanta ma na gida ne sai ranar rabo. Ina zaune a wurin aka faɗa, ban ce uffan ba, Allah Ya yafe min.

Da na je wa Yaya da maganar kangon wallahi murna ya yi, ya ce in zuba ginin bulo mai kyau, har magini ya ce zai haɗa ni da shi. Sai na ce to Yaya a ɗan rubuta a takarda da shaidu cewa ginin nawa ne. Nan fuskarsa ta canza. Ya ce, "Takarda tsakanina da ke? Ni da nake kai ki makaranta a kan keke?" Kuma gaskiya ya faɗa, shi ya tsaya min har na zama malama, ba mugu ba ne, shi dai a ganinsa komai na gidan a hannunsa ya kamata ya zauna. Sati biyu yana amsa min gaisuwa da ka.

Ana cikin haka mijin babbar 'yata ya ba ni labarin ɗakunan kwantena, irin waɗanda ake haɗawa a kamfani a kawo maka a gama. Wasu masu aikin titi ne suka kammala suna sayar da nasu can gaba da Kabuga. Na je na gani da idona, guda biyu, kowacce ɗaki da banɗaki, an yi silin an sa tayil an yi wayarin, an cusa abin tare zafi a bangon. Ba a haƙa mata tushe, a kan bulo ake ɗora ta, ranar da kake so motar kiren mai ɗaga kaya ta zo ta ɗauke maka abarka. Da na ji haka sai da na sauke ajiyar zuciya, na ce shi ke nan, ba takarda ba rigima. Yaya ya yi ta dariya, wai gwangwanin kifi zan zuba mutane, bazara na yi za su gasu, ginin bulo kullum daraja yake ƙarawa ƙarfe kuwa tsatsa yake. Duk na san haka, kuma na san hayar bulo ta fi tsoka. Ni abin da zai ci gaba da zama nawa nake nema.

Sau uku na auna kangon nan da tef, tsawo da faɗi, ni da na koyar da lissafi. Na biya, kusan rabin giratutin ya tafi. Ranar da za a kawo, direban ya tsayar da mota a bakin titi ya shiga lungun da ƙafa, bai daɗe ba ya fito yana kallona, ya ce, "Hajiya, wa ya ce miki mota tana shiga nan?" Jama'a a lungun nan aka haife ni. Kayan ɗakina a ka aka fitar da su, gawar mahaifina a kafaɗa aka kai ta titi, ko siminti da amalanke ake shigo da shi, amma wallahi bai taɓa zuwa min a rai ba. Unguwa ta fito ƙwanta da ƙwarƙwatarta ana kallo, mata har da leƙe ta katanga. Aka juya da kwantenonin, ni kuma na shige ɗakin Inna na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin gado.

Yanzu suna can a filin da na saye su. Masu su sun ce ciniki ya faɗa, waɗanda suka taya kuwa tayin wulaƙanci suke yi don sun ji labari. Mai walda ya ce zai yayyanka a shigar gunduwa-gunduwa ya sake haɗawa, amma silin da banɗakin za su lalace, kuma in ta shiga ta shiga ke nan, ba ta sake ɗaukuwa, to me na yi? Abin da ya rage a hannuna ba zai sayi fili a inda ake samun 'yan haya ba. Direban ya ce lungun yana da faɗi har zuwa kwanar gidanmu, soronmu ne ya turo ya tsuke hanya, in an rushe gefensa ƙaramar mota za ta wuce. Soron da mahaifinmu ya yi shekara arba'in yana ɗinkin fata a ciki. Da na gwada faɗa wa Yaya, cewa ya yi sai dai bayan ransa, a wannan kam ban ga laifinsa ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na rubuto shi ne Juma'ar da ta wuce. Bayan la'asar ina shafa wa Inna man zafi a ƙafa, ni a zatona ba ta san dalilin komai ba, ta dai ji an kawo kaya an mayar. Sai ta ce min, "Na ji an ce ɗakin naki ana iya ɗauke shi." Na ce eh Inna. Tana kallon hannuna ta ce, "Ranar da aka ɗauke ni za ki ɗauke shi, ko za ki bari a yi bakwai?" Ba da faɗa ta faɗa ba, murmushi ma take yi. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ranar nake wa tanadi, ban dai taɓa kiran sunanta ba ko a zuciyata. Da ta ga ina kuka sai ta dafa kaina ta ce, "Ki sayar da ƙarafan nan ki yi gininki na bulo, muddin ina raye ba mai taɓa miki."

Muddin tana raye. Shekararta tamanin da wani abu, ni kuma ba zan iya buɗe baki in ce mata to bayan nan fa ba.

Don Allah me zan yi? In sayar da kwantenonin da asara in zuba sauran a ginin bulo a kan ƙasar da ba tawa ba, in zuba ido yarana su zama kamar marayun ƙanena? Ko in je in nemi a raba gadon, Inna tana ji tana gani, bayan abin da ta faɗa min? Ko akwai wata hanya da ban hango ba, musamman ku malamai da lauyoyin cikin nan? Masu cewa me ya sa ban auna lungu ba ku huta, na riga ku faɗa wa kaina. Gobe ma ni zan shafa mata maganin, kuma na san za ta tambaye ni yaushe magini zai zo.