Jabun Shant da Ya Tsayar da Keken 'Yata

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Kayan Wuta,
Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kasuwa da iyali da ɗawainiyar jama'a. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku ana ce mini ka tafi ta'aziyya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Da na ga rasuwar ta ƙi ƙarewa, sai na ce bari in rubuto ta jarida, ko wani ya karanta maka a wajen zaman makoki.

Sunana Tanimu, ina gyaran keke a Samaru. Karatuna a aji biyar na firamare ya tsaya, shi ma hedimasta ne ya ga ya ishe ni. In ka ga kuskure a rubutun nan, nawa ne. Na saba da kuskure, kamar yadda za ka gani.

1. Laifina

'Yata Balaraba tana ajin ƙarshe a jami'a, a fannin injiniyan lantarki. Aikin kammala karatunta keken guragu ne mai tafiya da batir. Ni na yi mata waldar jikinsa, kuma duk wanda ya zo faci sai da na tsare shi da labarin. A jikin keken akwai wani guntun ƙarfe kamar tsawon yatsa, tagulla a kawunansa biyu, tana kiransa shant. Ta ce duk wutar da za ta fita daga batir ta kansa take bi, da shi agogon keken yake ƙirga abin da aka sha da abin da ya rage. Wata biyu ta jira kafin a kawo mata shi daga Legas. Na ce to. Ban fahimci komai ba, amma na ce to, kamar kowane uba.

Ran wata Asabar da la'asar masu wuta suka kawo wuta bayan kwana huɗu, fis ɗin gidanmu ya tsinke. Ka san yadda muke yi: a nemo waya a ɗaure. Na duba ban sami waya ba, Balaraba tana makaranta, ga shant yana ƙyalli a jikin keke. Na ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Na kwance shi, ya ƙi shiga ramin fis, na sa magagari na goge shi har ya shiga. Wuta ta dawo, maƙwabta suka yaba mini. Kafin magariba fankarmu ta ƙone, shi kuma ya yi baƙi, ya sirance kamar tsinken tsire.

Wannan nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

2. Laifin ɗan ƙungiyarka

Ran Litinin na hau acaɓa zuwa Sabon Gari da ƙonannen a aljihu. Na shiga shagon wani ɗan ƙungiyarka, wanda takardar shaidarku take rataye sama da kansa. Sunansa yana cikin rasit ɗin da na bar wa sakatarenka. Ban ɓoye masa komai ba. Na ce na 'yata ne, na jarrabawa ne, ni na ɓata, ina so in mayar kafin ta gani. Ya yi dariya, ni ma na yi, don abin dariya ne. Ya shiga ciki ya fito da wani sak irinsa, har lambobin da aka buga a jiki. Ya rantse da Allah ɗan Jamus ne. Ya karɓi naira dubu ɗaya da ɗari biyu, ya kuma yi wa yarinyar addu'ar sa'a. Na dawo na ɗaura shi a jikin keke kafin ta gani.

Addu'ar nan ce ta fi tsaya mini a rai.

3. Abin da ya biyo baya

Ranar gwaji malamai suka jeru a farfajiyar sashensu, har da wani farfesa baƙo. Wanda ya hau keken Ayuba ne, mai gyaran takalmi a bakin kasuwar Samaru, wanda tun yana yaro da hannu yake tuƙa kekensa, kuma shi aka yi wa alkawarin wannan in an gama. Ina tsaye bayan wata bishiya da babbar rigar sallah. Aka ce masa ya yi ta zagaye har sai agogon keken ya nuna an sha rabin batir. Bai kai ba. Keke ya yi gurnani ya tsaya cak, batir ya mutu murus, agogo kuwa yana cewa ko kwata ba a sha ba. Farfesa ya tambayi Balaraba, da a tsakiyar titin Shika abin ya faru, ga tirela a baya, me za ta ce wa iyalin mutumin? Ɗalibai biyu suka ɗauke Ayuba suka mayar da shi tsohon kekensa, yana ta ba ta haƙuri kamar shi ya yi laifin.

An turo keken rumfata. Ina da wani maganaɗisun tsohuwar lasifika da nake tsince ƙwayoyin boris da shi. Ina wucewa da shi kusa da shant sai ji na yi ya manne. Na ɗauko ƙonannen na gwada, ya ƙi kamawa. Na kankare sabon da wuƙa: baƙin ƙarfe ne aka shafa wa fenti. Ni da ban gama firamare ba na gane cikin minti ɗaya. Kada a ce mini mai shago bai sani ba.

Na koma masa. Ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Sannan ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Ranka ya daɗe, ni na faɗi haka don jahilci. Shi da me ya faɗa?

4. Abin da nake roƙo

Ba na son kuɗina, ya riƙe ya ƙara fenti. Takarda nake so mai tambarin ƙungiya, da sa hannunka, cewa abin da aka sayar mini jabu ne. Wani malaminta da na tara a masallaci, na ce masa labarin wani abokina ne, ya ce in da irin wannan shaida za a iya barin ɗalibi ya sake gwaji. Saura mako uku su zauna kan sakamako. In ya wuce, Balaraba za ta maimaita shekara, ƙawayenta su tafi bautar ƙasa, Ayuba ya ci gaba da tuƙi da hannu.

Sannan ka sa a zagaya shagunanku da maganaɗisu. In babu, zan ba da aron nawa.

Saura abu ɗaya, shi kuma ba a hannunka yake ba. Har yau Balaraba ba ta san an taɓa kekenta ba. Ta ɗauka lissafinta ne ya kuskure. Kwana goma sha ɗaya tana zaune a tabarma tana sake shi daga farko, kullum yana fitowa daidai, kullum tana ƙara ramewa. Jiya ta ce mini, Baba, wataƙila dama kaina bai kai ba. Ni da nake sa unguwa dariya, na buɗe baki na ce ta ci abinci.

Takardarka ba za ta yi aiki ba sai na faɗa mata wanda ya kwance na farkon. Wannan bashin nawa ne, kuma ba na so ta karɓe shi daga hannun mai jarida. Ina jefa wasiƙar nan a gidan waya, gida zan nufa. Ko ka sa hannu ko ka tafi ta'aziyya, ni yau zan zauna a gefen tabarmar nan in ce ta ajiye biro.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci kasuwarku da halal, ya ba 'ya'yanka iyayen gida da 'yan kasuwa da suka fi mu tsoronsa.

Wassalam.

Tanimu mai gyaran keke,
Samaru, Zariya.