Pistol a Elizabeth Line

Daren Laraba, Whitechapel

Kaina kamar zai tsage. Tun safe muna lab, technician yana harbi, ni ina auna gudun harsashi da na'ura, daga pistol mai gajeren baki zuwa mai dogo. Kamata ya yi na dogon ya fi gudu, amma na'urar sai shirme take ba ni. Sai da la'asar technician ɗin ya gano fitilun silin ne ke rikita ta. Aikin yini guda ya tashi a banza, ga supervisor ran Juma'a yake son results.

Ina cikin jirgin ƙasan Elizabeth line Baba ya kira daga Kano. Tsohon soja ne, shi kaɗai a gidanmu ke gane wannan karatun nawa na forensic, wato kimiyyar binciken laifuka. Na shiga zazzage masa takaicina, na manta cewa duk Hausar da nake zubawa, "pistol" da "ammunition" da Turanci suke fita. Na kuma rufe da, "Gobe za mu sake, in sha Allah."

Ko da na ɗago kai, matar da ke gefena ta ja ɗanta sun canja kujera. Wani mutum ya ƙura wa hijabina ido, yana latsa wayarsa. Na tuna visa ta, kar ya haɗa ni da 'yan sanda, na katse wayar. Na sauka tun kafin tashata, na tako sauran hanyar cikin ruwan sama.

Baba ya sake kira. "Uwata, ya na ji kin yi shiru?"

Na ce network ne.

Ni da ko taɓa bindigar ba a bari in yi!