Injiniyan Ban Ruwa da Kuka Mayar Malamin Larabci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Takardun Waɗanda Suka Yi Karatu a Waje,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, sunana Ilu Mahaman, daga wani ƙauye na bakin gulbi a yankin Maraɗi. Shekara tara ke nan ina Alƙahira. Sau uku ina rubuta maka takarda da Faransanci, kowane karo sai na je unguwar Abbasiya na roƙi wani ɗan ƙasarmu ya juya mini, kuma ko tari ban ji daga gare ka ba. Wannan karon na rubuta da Hausa, a bainar jama'a, don na tabbata da ita kake gaida mahaifiyarka.

Na ɗaya. Abin da na karanta a jami'a a Giza, nan gefen Alƙahira, shi ne ilimin ƙasar noma da ban ruwa, digiri biyu, duk a cikin harshen Larabci. Ban zaɓi fannin don sha'awa ba. Garkar albasar mahaifina kanwa ce ke cin ta, kowace shekara farin yana ƙara shigowa, haka ma garake da yawa a ƙauyenmu. Masarawa sun daɗe suna fama da wannan cuta, sun kuma san maganinta. Shekara biyu na yi cikin taɓo ina koyon yadda ake haƙa magudana a wanke ƙasa. Da aka buɗe aikin ban ruwa a yankinmu ana neman injiniya, sai na ce Allah ya kawo ranata. Abu ɗaya aka nema, hatimin kwamitinka.

Na biyu. Kun ce a fassara takardun zuwa Faransanci, na fassara. Kun ce wannan mai fassarar ba ku yarda da shi ba, na canza wani. Daga nan kuka ce sai na kawo shaidar jin Faransanci, wadda Faransawa da kansu ke bayarwa. Na shiga layi, na zauna gaban wata baturiya tana auna ko na isa in yi wa ƙasar ubana aiki. Na faɗi, ban kuma ji kunya ba, don ba harshena ba ne. Duk da haka na tura takardun. Bayan wata bakwai ƙanena Sabi'u ya je ofishinku ya karɓo amsa, aka karanta masa. Wai mai wannan takarda ya dace da koyar da Larabci da addini a makarantun firamare.

Ranka ya daɗe, akwai wanda ya buɗe takardun nan kuwa? Ko da an ga rubutu ya taso daga dama sai aka ce wannan na masallaci ne? Ma'aikacin da ya miƙa wa Sabi'u takardar har da yi masa nasiha, wai ya gaya wa malam ya yi haƙuri, limanci ma aiki ne. Ni ban raina limanci ba. Amma ban taɓa jin an tura likita ya ja salla don takardarsa ba da Faransanci take ba, sai a wurinku.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Laifina na rashin Faransanci gado na yi. Zamanin Nasara, idan gardi, dogarin Bature, ya zo ƙauye ɗiban yaran lakwal, wato makarantar Bature, ɓoye 'ya'ya ake yi. Kakana a rumbu ya jefa mahaifina, ya rufe shi da damman gero har gardi ya wuce. Mutanen da suka ga aikin tilas da bulalar haraji, me zai sa su miƙa 'ya'yansu da hannunsu? Waɗanda aka kama aka tafi da su ana kuka, su ne suka dawo da wando da alƙalami, Bature ya bar musu kujera da zai tafi. Ban ce sun yi laifi ba, su ma kama su aka yi. Amma sun zauna a bakin ƙofa, su da 'ya'yansu, sun riƙe mabuɗin da aka bar musu. Yau ana ta shela a rediyo cewa mun kori Nasara mun karɓi ƙasarmu. To ni ban gani a ƙasa ba. Kuɗin da ke aljihuna in na je gida nasa ne, kuma ma'aunin da kuke auna ilimi da shi nasa ne.

Sabi'u ya ce mini wanda aka ɗauka na wucin gadi a aikin ya yi karatu a Turai, mutumin kirki ne, amma yana tafe da tafinta don magana da manoma. Tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushe!

Na huɗu. Zamana a nan ya ƙare. Iƙamata ta ɗalibi ce, wato izinin zama, kuma ta kusa cika. Ni da matata da 'yarmu muna ɗaki ɗaya a unguwar Arba wa Nus, ina rakiyar marasa lafiya 'yan ƙasarmu asibiti don mu ci abinci. Wani Bamasare mai babbar gona a hamada ya duba takardun da kuka ƙi dubawa, bai kai ƙarshe ba ya ce khalas, wato shi ke nan, in zo in sa hannu na shekara biyar. Ya ba ni wa'adi zuwa ranar Alhamis mai zuwa. Mahaifina kuma ya aiko da saƙon murya, ya ce ƙarfinsa ya ƙare, maƙwabci ya taya garkar, in ba zan zo kafin dashen albasa ba zai sallama. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. A ba wani masanin noma takarduna ya karanta, ba mai gadin harshe ba. In kuma jarrabawa ce dole, a kai ni gonar da kanwa ta ci, a tara manoma, a ga wanda za su fahimta. Ba ni kaɗai ba ne. Akwai masu digirin haɗa magunguna da na lissafi a unguwar nan suna ɗaure kayan fatake, kowa da irin takardata a jaka.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa naka 'ya'yan kada su taɓa neman izinin baƙo kafin su yi wa garinsu aiki. In amsarka za ta wuce Alhamis, kada ka wahalar da kanka ka aiko Alƙahira. Ka aika wa mahaifina a ƙauye, ka haɗa da wanda zai karanta masa.

Wassalam.

Ilu Mahaman,
Arba wa Nus, Alƙahira.