Bakwai Suka Tarar

Arlit, daren Laraba

Yau kwamitin gidan matasa ya ba Isufu kyautar wanda ya fi kowa tara littattafai, sabuwar kantar katako ta jera littattafai. Isufu fa, da ya kwashe waɗanda Turawan kamfanin haƙar yuraniyom suka bari da aka rage ma'aikata, ya kulle a akwati.

Da suka zo ƙirga nawa, bakwai suka tarar. Sauran suna hannun abokaina da aka sallama, suna rage zaman banza da su. Na yi bayani, shugabansu ya ce, "Malam, abin da muka gani muke rubutawa."

Na daure na je yi wa Isufu barka. Zan fito ya ce, "Don Allah ara mini ɗaya mai daɗi, nawa duk na gyaran inji ne."

Na ce to. Har yanzu ina jin haushin bakina.