Hannun Hagu a Kwanar Tsamiya

Litinin, 4 ga Nuwamba 1963

An kawo hotuna daga Yamai, aka ce mu malaman lakwal, wato makarantar boko, mu manna a gari. Mutum ne bisa keke, ya miƙa hannu zai yi kwana, kamiyo, babbar motar kaya, na bayansa. An rubuta da Faransanci cewa ran mai keke na hannunsa. Na manna ɗaya jikin tsamiyar kwanar gidanmu, inda dattawa ke zama. Tsoho Mani ya daɗe yana kallo, ya ce, wa mutumin nan ke gaidawa haka ba ko rusunawa?

Talata, 5 ga Nuwamba

Na yi wa Baba bayani. In ya taso daga kasuwa gidanmu na hagu, don haka hannun hagu zai miƙa. Ya dube ni kamar na sha wani abu. "In miƙa ma surukina hagu? Mi ad da kai, Umaru?" Tsoho Mani shi ya haifi Inna. Ban taɓa ganin Baba ya wuce shi bai sauka ya durƙusa ba. Na yi dariya, na ce zamani ya canza. Amma ina tsoro, motocin gyaɗa sun fara.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Baba ya shafe kekensa da mai, ya tafi kasuwa. Keken nan ya girmi ƙanwata Asiya. A kansa ya kai ni Tibiri ina ƙarami, ina zaune kan ƙarfen gaba, gemunsa na sosa mini ƙeya. A lokacin hanya ta jakuna ce da raƙuma. In mota za ta zo, tun daga bayan dutse ake jin ta, har mata su kwashe shanyarsu a tsanake. Ina kewar hanyar nan.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Kamiyo ta buge Baba a kwanar. Ƙafar dama ta karye.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Asiya ta gani da idonta. Ya rage gudu zai tsallaka ya sauka gaban dattawa, direba bai ko taka birki ba. Jandarma ya zo, ya nuna hoton da na manna da hannuna, ya ce laifin mai keke ne, bai miƙa hannu ba. Direba ya sha ruwa ya wuce Konni. To shi ina nasa hoton? Wa ya zana masa cewa akwai mutane a gari? Mai ƙarfe ya taka mai tsoka, kuma mai tsokar aka yi wa gargaɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in yage takardar hoton, Baba ya hana, ya ce ta gwamnati ce.

Lahadi, 1 ga Disamba

Maɗori ya ce Baba zai taka, amma shi da keke sai kallo. Baba ya sa an gyara ƙafar keken ta gaba, ya ba ni shi. Yanzu da hantsi ake kai shi gindin tsamiya, kusa da surukinsa, ƙarƙashin hoton.

Alhamis, 5 ga Disamba

Da na fito da keken ya kira ni gaban kowa. "In ka taho, miƙa hagun. Ni na yarje maka. Gara in ga hagunka da in ga gawarka." Tsoho Mani ya gyaɗa kai. Na ce to, Baba.

Litinin, 9 ga Disamba

Yau ma na sauka tun kafin kwanar, na jira mota ta wuce, na turo keken har gabansu. Na ce sarƙa ce ke zamewa. Baba ya miƙa hannu ya taɓa sarƙar, lafiyarta ƙalau. Ya matsa mini a tabarma.