Kalmar da Na Canza a Gaban Janar

Barikin Farin Kogi, ƙarshen sanyin 1877

Zuwa ga yayata Josette, a ƙasar Kanada,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Wanbli da yara, ya sa sanyin can bai yi muku ɓarna ba. Mu nan da sauƙi. Tarin Inna ya lafa, har ta koma ɗinkin takalman fata tana yi wa kowa faɗa. Matata Adele ta sauka, mace aka samu, an ce hancinki ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Yaya, ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Kunya ce ta ishe ni, kuma akwai abin da dole ki yi da gaggawa. Kin san aikina a nan tafinta ne tsakanin soja da mutanenmu Lakota. A kakar bara Janar Whitlock, wanda tsofaffi ke kira Jan Gemu, ya tara shugabanni a babban tanti, Kawu Hehaka yana gaba. Takardarsa ta ce a sayar wa gwamnati kwarinmu na farauta, daga kogi har duwatsu, har abada. Ya dube ni ya ce in faɗa musu yadda take.

Na buɗe baki, sai na tuna ko wane ne shi. Ni fa na bi rundunar mutumin nan shekarar da ya auka wa zangon ƙabilar Cheyenne, na ga tantuna na ci da wuta, na ga an harbe dawaki ɗaruruwa, mata na gudu cikin dusar ƙanƙara ba takalmi. Na san idan Kawu ya ji "sayarwa" zai miƙe ya kaɗe bargonsa ya fita, kuma sojoji na tsaye a waje. To sai na ce aro ne. Na ce Jan Gemu na neman aron kwarin na hunturu huɗu, kamar yadda ake aron doki. Kawu ya yi dariya, ya ce oho, ashe mai taurari a kafaɗa ma yana aro! Ya tambaye ni ko na karanta da idona, na ce na karanta. Ya ce to ai shi ke nan, ɗan ƙanwarsa ba zai ba shi ruwan guba ba. Ya taɓa alƙalami don nuna ya yarda, magatakarda ya sa alama, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Na yi ta gaya wa kaina cewa rayuka na ceta. Ƙarya nake, Yaya, har da tsoron kaina a ciki. Kwana tara da suka wuce na ji cewa Kawu ya tashi manzo zuwa gare ku, wai ku tattaro ku dawo gida, saura hunturu uku a mayar mana da kwarin. Don Allah ki tari Wanbli da dattawan zangonku kafin su naɗe tanti. Ki ce musu babu kwarin da za a mayar. Masu haƙar zinariya sun riga sun kafa gari a bakin rafin da muke wanka muna yara, kuma duk wanda ya ƙetaro iyaka za a karɓe bindigarsa da dokinsa. Na ba wani ɗan fatauci takardar nan, ya ce zai riga manzon isa, ban dai sani ba.

Jiya na je na faɗa wa Kawu, yana zaune da dattawa a tantinsa. Na so ya zage ni, ko ya ɗauki sanda, wallahi da ya fi mini. Ya daɗe yana cusa taba a lofensa. Can ya tambaye ni ko a harshen turawa kalmomin biyu kama suke yi, ko kuskuren kunne ne. Hanya ya buɗe mini, na gane sarai, amma na ce a'a Kawu, ba su yi kama ba ko kaɗan. Ya kunna lofen ya sha, ya miƙa wa na hagunsa, ya zaga har ya iso kaina. Sai ya ce da wanda ke riƙe da shi ya tsallake tafintan gwamnati, kada a ɓata masa lokaci, yana da aiki a bariki. Mutumin da ya ɗora ni a kan doki tun ban iya tafiya ba, sunana ma bai kira ba.

Ki gaishe mini da Wanbli, da Gwaggo Winona, da yara, Pierre da ƙaramar Zitkala. Inna da Adele suna gaishe ku. Inna ba ta sani ba tukuna, gobe zan je mata. Idan dattawa suka tambaye ki wa ya ce a yarda da wannan takarda, ki gaya musu gaskiya: wanda ya yi ƙaryar farko ne ya rubuto, kuma wannan karon bai canza ko kalma ɗaya ba.

Ƙanenki, in har kin yarda,
Baptiste