Malam Ya Duba

Gangara, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana, Malam Zaharaddini, a Agiye,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Lubna da yara. Ya gajiyar zaman makoki? Allah ya ba da lada.

Takarda na rubuto don wayar Sha'ibu ta tafi tare da shi cikin tafki, ni kuma takaba ta zaunar da ni. Yaya, tun ranar da aka tsamo mijina zuciyata ba ta kwanta ba. Ruwan da bai kai wa mutum ƙugu ba, shi zai ci ƙato kamar Sha'ibu? Duk garin nan Rabo ake kira, makiyayin nan da shanunsa suka shiga mana gero har suka yi cacar baki. Shi ko ya rantse rabonsa da tafkin tun farkon damina, a rijiya yake shayarwa. Jandarma sun tambaye shi sun sake shi. Ranar kasuwa Isma'ila, ƙanen Sha'ibu, ya ci kwalarsa har aljihun rigarsa ya yage ya zauna a hannunsa.

Ga ƙulli biyu na ba direban motar Agiye. Ɗaya aljihun Rabo ne. Ɗaya na Sha'ibu, don an wanke rigar kafin in farga, sai a kusurwar aljihu na tarar da sauran datti. Shekara nawa muna yi maka dariya kana leƙen ruwan kwata a madubin likitan nan da ka saya a gwanjo? Kai ka ce kowane ruwa da irin 'yan halittunsa. To yau ga ranarsa. In Rabo ya shiga tafkin, rigarsa za ta faɗa. Ba na son a zalunci kowa, amma ina son in sani.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Mansura

Agiye, 13 ga Oktoba

Ƙanwata Mansura,

Bayan gaisuwa da ƙara yi miki ta'aziyya, Allah ya jiƙan Sha'ibu, ya sa ya huta.

Ashe dai abin da aka raina shi kan tsone ido! Shekara ashirin ina koyarwa a lakol, ban da ɗalibai babu wanda ya taɓa cewa in nuna masa madubina, sai yau.

Ga yadda na yi. Na jiƙa kowane ƙyalle a kofinsa da ruwa mai tsabta, na bar dattin ya kwanta, na ɗiga ɗigo guda a kan gilashi. Da hantsi na fito tsakar gida, na karkata ɗan madubin ƙasa ya turo hasken rana ta cikin ɗigon. Da farko ban ga komai ba sai zare da yashi. Abin da nake nema sunansa diyatome, wani ɗan tsiro ne na ruwa mai gida na gilashi, ɗari ba su cika kan allura ba. Gilashi ko in haske ya yi masa yawa ɓacewa yake. Sai na tsuke ƙofar hasken, wurin ya ɗan dushe, sai ga su.

Na duba, Mansura, na kuma gani. A aljihun Sha'ibu akwai wani iri mai siffar kwalekwale da haƙarƙari. A aljihun Rabo ma shi ne, ba bambanci. Na irga goma sha ɗaya a nan, bakwai a can.

Amma kada ki yi gaggawa. Sai na ga na tafkin kansa kafin in ce wani abu. Ki sa a ɗebo mini ruwansa da ɗan laka a kwalba.

Allah ya ba ki haƙuri. Yayanki,
Zaharaddini

Gangara, 17 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ka. Lafiya dai ba lau ba.

Direba bai same ni ba, ka san mai takaba, sai ya miƙa wa Isma'ila takardarka. A ƙofar gida ya buɗe ta, gaban masu zaman gaisuwa, ya karanta da ƙarfi. Ina daga ɗaki ina ji. Da ya kai inda ka ce "na duba, na kuma gani", nan ya tsaya. Na ɗaga murya na ce a ƙarasa, aka ce mace mai takaba ta yi shiru.

Yaya, ka manta garin da aka haife ka? A nan in an ce Malam ya duba, wa zai kawo gilashi da ɗigon ruwa a ransa? Kafin la'asar magana ta cika gari, wai yayan Mansura ya yi duba, ya ga Rabo a madubi yana danne Sha'ibu cikin ruwa. Har da masu cewa ka ga launin rawaninsa.

Washegari bayan sallar asuba samari suka tafi rugarsa. Sun ƙone bukkoki uku, sun kore shanu. Rabo bai gudu ba, ya tsaya don matarsa Safina ta samu fita da yara. Da sanduna suka yi masa. Yanzu yana asibiti a Gazawa, an ce bai san wanda ke kansa ba. Jandarma sun tafi da mutum huɗu.

Ga kwalbar ruwan. Don Allah ka ce mini shi ne. In shi ne, ko ba komai zan iya haɗiye abinci.

Ƙanwarka,
Mansura

Agiye, 20 ga Oktoba

Mansura,

Sallama a gare ki.

Ba zan iya ce miki shi ne ba.

Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na yanka baƙar takarda ɗan da'ira na toshe tsakiyar hasken, ya zama ta gefe kawai yake shiga. Haka fili ke yin baƙi ƙirin, abin da ke cikin ɗigon ya haskaka. Na tafkinku dogaye ne sirara kamar allura, cikinsu ruwan zuma, suna tafiya a hankali. Rayayyu ne. Na mayar da na aljihun nan biyu ƙarƙashin wannan hasken, sai na ga kwasfa ce fara fat, ba komai a ciki, gefenta duk a karye. Na haska tocila a karkace, sai ga wasu fararen duwatsu kewaye da su.

Nan na tuna Sha'ibu da tabarsa. Na shiga madafa na karɓi kanwa wajen Lubna, na narka, na ɗiga. Ga kwalekwalena nan birjik. Kanwa daga gabas ake haƙo ta, a gindin tafkunan da suka ƙafe tun kafin kakanninmu, kwasfar nan a cikinta take zuwa. Duk mai cin taba da kanwa, daga Gazawa har Gidan Rumji, yana yawo da ita a aljihu. Abin da na gani ke nan: mutum biyu masu cin taba. Na tafki ko guda ban samu a ƙyallen Rabo ba.

Laifina ne. Na ji daɗi an nemi madubina, na rubuta kafin in gama dubawa. Gobe zan kai wa jandarma bayani da bakina. Ki sa a karanta wannan a ƙofar gida, inda aka karanta waccan, har ƙarshenta.

Ki yafe mini. Yayanki,
Zaharaddini

Gangara, 23 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ka.

Rabo ya cika shekaranjiya. An karanta takardarka har ƙarshe, liman da kansa ya karanta. Mutane suka ce jandarma ne suka tsorata ka, duban farko shi ne gaskiya.

Ɗazu Safina ta shigo har ɗakina, ita ma da kayan takabarta, ba ta bari takabar ta zaunar da ita ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta zauna bakin tabarma ta ce, "Mansura, ki tambayar mini Malam, me ya ga uban 'ya'yana yana yi a madubin? Yara za su tambaye ni in sun girma."

Ta yaya zan ce mata kanwa ce? Ta ce za ta dawo ranar Juma'a.

Kai ka iya rubutu, Yaya. Ka rubuto mini abin da zan faɗa mata.

Wassalam,
Mansura